Gudu da Tara a Kan Manyan Hanyoyi

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, alhali iyalinsa suna Kano ko Zariya ko Katsina, ya san yadda yammacin Juma'a yake. Ana sallame salla sai ya ɗauko 'yar jakarsa ya jefa a bayan mota, ya dubi rana ya dubi agogo, sa'an nan ya ƙudura a ransa cewa lalle sai ya yi sallar magariba a gida. Daga wannan ƙudurin ne yawancin abin da zai same shi a hanya yake tasowa, domin mutumin da ya yanka wa kansa lokacin isa kafin ya lissafa nisan tafiya ya riga ya yanka wa kansa irin gudun da zai yi. Haka ɗalibin da ya shiga motar haya ranar da aka ba da hutu, shi ma yana cikin wannan hali, sai dai shi wani ne yake taka masa totur.

Wannan lacca za ta duba yadda matafiyi zai kauce wa kamun gudu da biyan tara mai nauyi a doguwar tafiya. Ba dabarun ɓuya daga ma'aikatan hanya za a koyar ba, gama waɗannan dabarun kwanansu ya kusa ƙarewa, kamar yadda za a gani a gaba. Abin da za a nuna shi ne, kauce wa tara aikin lissafi ne, kuma yawancin lissafin a gida ake yinsa tun ba a ta da mota ba.

Asalin al'amarin

Kalmar "tara" tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Tun kafin zuwan mota alƙalai da hakimai suna cin mutum tara idan dabbarsa ta yi ɓarna a gonar wani, kuma abin lura ne cewa "ci" ake cewa, watau ana ɗaukar abin a matsayin wata hasara da ta faɗa wa dukiyar mutum. Kalmomin mota kuwa baƙi ne da suka zauna suka zama 'yan gida: direba, birki, totur, giya, sitiyari, maleji. Wannan ta ƙarshe ta fi sauran ban sha'awa. A harshen da aka aro ta tana nufin yawan milmilan da mota ta ci, amma Bahaushe ya ba ta agogon da ke nuna gudu, har ya ƙirƙiro "ƙure maleji", wanda yanzu ake faɗa wa duk wanda ya kai iyaka a cikin kowane sha'ani. Sau da yawa kuwa da sigar yabo ake faɗarsa, abin da ke nuna irin matsayin da gudu ya samu a zukatan jama'a.

Kamun gudu ya kusa zama tsaran mota ita kanta. Mutumin da ake ambata a matsayin na farko da aka ci tara saboda gudu da mota shi ne Walter Arnold, a gundumar Kent ta Ingila, cikin watan Janairu na 1896. Yana tafiyar mil 8 a awa, kimanin kilomita 13 ke nan, a wurin da doka ta ce kada a wuce mil 2. Ɗan sanda ya bi shi a kan keke ya kama shi, aka ci shi tarar sule ɗaya da kuɗin shari'a.

A Nijeriya, shekarun 1970 ne suka canza fuskar hanya. A ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikata suka sami bashin sayen mota, aka shimfiɗa sababbin hanyoyi, haɗurra kuma suka yawaita ƙwarai. Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra tata a 1977, sa'an nan a watan Fabrairu na 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, aka naɗa Farfesa Wole Soyinka shugabanta na farko. Dokar da aka kafa ta da ita ta soja ce, mai lamba 45 ta 1988. A 2007 ne Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka, wadda a bayanta aka jera laifuffukan hanya da tarar kowanne.

Iyakar gudu

Littafin ƙa'idojin hanya na Nijeriya ya kasa hanyoyi gida uku, ya kuma ba kowace irin mota iyakarta. Motar gida ba ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a kan babbar hanya ta gama-gari, 100 a kan babban titi irin na tagwaye wanda aka yi domin tafiyar nesa. Tasi da bas suna daidai da motar gida a gari da kan babbar hanya, amma a babban titi iyakarsu 90. Tanka da tirela kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a babban titi. Inda aka kafa allo mai nuna wani adadi dabam, to allon ne abin bi.

Abu biyu ya kamata a fahimta game da waɗannan adadi. Na farko, iyaka ce, ba umarni ba ne cewa sai an kai. Ranar da hazon hunturu ya rufe hanya, ko aka yi ruwan farko na damina kwalta ta yi santsi saboda man da ya daɗe yana zuba a kanta, gudun 80 ma yana iya zama ganganci, kuma tuƙin ganganci laifi ne mai zaman kansa wanda tararsa ta fi ta gudu nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi kama masu doguwar tafiya. Manyan hanyoyin ƙasar Hausa ba su kewaye garuruwa ba, ta tsakiyarsu suke ratsawa, inda kuma hanya ta kewaye gari, to garin yakan taso ya same ta. Wanda ya fito daga Zuba zai ratsa Tafa da Jere da Kateri kafin ya ga Kaduna, sa'an nan Mararrabar Jos da Jaji, bayan Zariya kuma ga Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura. A kowane ɗaya daga waɗannan akwai manyan motoci a fake, da masu talla, da 'yan makaranta, da awaki. Titin bai canza kama ba, faɗinsa yana nan, amma hukuncinsa ya canza ya koma na gari. Wanda ya taɓa bi ta Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A nan ne jikin mutum yake yaudararsa. Direban da ya yi awa biyu yana tafiyar 100, idonsa da kunnensa sun saba da wannan gudun har ya zame masa kamar zaman ɗaki. In ya iso gari ya ɗaga ƙafa kaɗan, sai ya ji kamar rarrafe yake yi, alhali allura tana kan 75 ko 80. Masu nazarin halayyar direbobi sun daɗe da sanin wannan, kuma ba shi da magani sai duban maleji. Mutumin kirki wanda bai taɓa nufin karya doka ba, a bakin gari ake kama shi, yana rantsuwa da gaskiyarsa cewa ya rage gudu. Ya rage ɗin, amma da jin jikinsa ya auna.

Abin da gudu yake saye

Wanda ya karya iyakar gudu ciniki yake yi, yana sayen lokaci. Ya kamata ke nan a duba ko nawa yake samu. Mota mai tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kilomita 100 a minti 60. In aka ƙara zuwa 120, za ta ci su a minti 50. An sami minti 10. In aka ƙara daga 120 zuwa 140, za ta ci su a kimanin minti 43. Wannan karon minti 7 kaɗai aka samu. Amma motar da ke tafiyar 40 in ta koma 60, minti 50 cur take samu a wannan nisan. Watau ƙarin kilomita 20 ɗin nan, gwargwadon yadda gudu ya yi sama gwargwadon yadda amfaninsa yake raguwa. Lokacin tafiya a wuraren da ake tafiya sannu yake salwanta, ba a can inda hanya ta miƙe ba.

A ɗauki tagwayen hanyar da ta tashi daga Zuba ta bi Kaduna da Zariya ta shiga Kano, wadda ake lissafa tsawonta kimanin kilomita 375. Alal misali a ce kashi ɗaya cikin biyar na wannan nisan, kilomita 75 ke nan, garuruwa ne da shingayen bincike da wuraren da ake gyara, inda ba a wuce 40. Wannan kashin kaɗai zai ci minti 112, kuma babu direban da zai iya rage shi kome ƙarfin motarsa. Sauran kilomita 300 ɗin, mai tafiyar 100 zai ci su a awa 3, mai tafiyar 120 a awa biyu da rabi. Rabin awa ke nan tsakaninsu, a tafiyar da ta kusa awa biyar. Ko wannan rabin awar ma sai in mai gudun bai taɓa samun tirela biyu suna tseren wuce juna a gabansa ba. Kowa ya taɓa ganin motar da ta wuce shi kamar walƙiya a Jaji, ya zo ya tarad da ita a layin shiga Zariya, tsakaninsu mota uku.

To, da me ake biyan wannan rabin awa? Da fari akwai mai. Iskar da mota take kutsawa tana tura ta baya, kuma ƙarfin turin ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin gudun a kansa yake bi. A gudun 120 turin iska ya fi na gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, a 140 kuwa ya kusa ninki biyu. Saboda haka ne lokacin da aka yi ƙarancin mai a 1973, Amurka ta kafa dokar da ta hana wuce mil 55 a awa, kimanin kilomita 89, a ƙasar baki ɗaya daga 1974, ba a soke ta ɗungum ba sai 1995. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu na 2023, wannan lissafin ya shafi aljihun kowane ma'aikaci. Gidan mai yana cin mai gudu tara a kowace tafiya, ko an kama shi ko ba a kama shi ba.

Sa'an nan akwai tsayawa, wadda ita ce dalilin da ya sa aka yi dokar tun asali. Mota mai gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga saniya ta shigo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, akan ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi, motar ta ci mita 42 ke nan ba a taɓa birki ba. Bayan an taka, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, tana bukatar wajen mita 56 kafin ta tsaya cik. Jimla kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo. Mai gudun 120 zai ci mita 50 kafin ya taka, da wajen 81 bayan ya taka, jimla fiye da 130.

Wani zai ce bambancin mita talatin ne kawai. Amma a duba abin ta wata fuska. A ce motocin biyu suna jere, suka ga saniyar lokaci ɗaya, mai gudun 100 ya tsaya daidai gabanta har hancin motarsa yana shafar gashinta. A daidai wannan wurin, mai gudun 120 bai sauko ƙasa da kilomita 75 a awa ba. Dalili kuwa, birki a ƙarshen tafiyarsa yake zubar da yawancin gudun, mai 120 kuma bai kai wannan ƙarshen ba. Ƙarin 20 a maleji ya zama karo na 75. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara, tana kafa hujja da ƙa'idar cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗurran da ake mutuwa a cikinsu da kashi 4.

Yadda ake kama mai gudu

Na'urar da ma'aikaci yake riƙewa kamar bindiga yana auna mota, tana aiki ne da wata ƙa'ida da masanin ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi motar asibiti ta zo ta wuce ya ji yadda jiniyarta take yin tsini tana tahowa, ta yi kauri bayan ta wuce. Na'urar tana aika igiyar rediyo ta bugi motar ta dawo, daga yadda igiyar ta canza sai ta fitar da gudun. Wata irin kuma hasken leza take harbawa, ta auna yadda nisan motar yake raguwa. Dukansu biyu suna gama aikinsu cikin ƙasa da daƙiƙa guda, daga nisan ɗaruruwan mita. Direban da ya hango ma'aikata sa'an nan ya danna birki, yawanci an riga an karanta shi, abin da ya ƙara wa kansa kawai shi ne haɗarin na bayansa ya buge shi.

Direbobi suna da tasu sadarwar. Mai tahowa daga gaba yakan ƙyafta fitila ko ya nuna ƙasa da yatsa, alamar akwai ma'aikata a gaba. Wannan zumunci ne na hanya, kuma ba za a musa cewa ya tserar da mutane da yawa daga tara ba. Amma an gina shi ne bisa cewa mai kamun mutum ne, yana tsaye wuri guda, yana tashi in rana ta yi zafi. Kyamara ba ta tashi. Wani gwanin tseren mota ɗan ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, shi ya fara ƙera irin wannan na'ura domin ya auna gudun kansa, ya kafa kamfani a 1958, abin ya koma hannun 'yan sanda. Hausawa mazauna Saudiyya sun san tsarin Saher, wanda aka fara a Riyad a 2010: ba mai tsai da kai, sai dai saƙo ya shigo wayarka. A watan Fabrairu na 2025 gwamnatin Jihar Legas ta ba da sanarwar kafa irin waɗannan kyamarori a wasu titunanta, da tarar naira 50,000 ga wanda ya wuce iyakar gudu, 20,000 kuma ga wanda ya keta jar fitila.

Akwai ma wanda ya fi wannan. A Ingila da Italiya ana kafa kyamara biyu, tsakaninsu kilomita da yawa. Ta farko ta ɗauki lambar mota da lokacin wucewarta, ta biyu ma haka, sai a raba nisan da lokacin. In tsakaninsu kilomita 20 ne, iyaka kuma 100, duk wanda ya iso cikin ƙasa da minti 12 ya yi gudu, ko da kuwa a gaban kowace kyamara rarrafe ya yi. Ƙyafta fitila ba ta da abin da za ta yi wa irin wannan.

Nauyin tara

Jadawalin dokar 2007 ya sa tarar wuce iyakar gudu naira 3,000. A lokacin kuɗi ne, domin mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 5,500 ne, tarar ta fi rabinsa. Da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, wannan adadin bai kai kashi 5 cikin ɗari nasa ba, ita kuwa tarar Legas ta haura kashi 70. Adadin tara abu ne da majalisu suke sauyawa, jihohi kuma suna da nasu hukumomin da nasu jadawalin, kamar KAROTA a Kano, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci. Matafiyin da zai ratsa jihohi huɗu ya sani cewa ba doka ɗaya ce take jiransa ba.

Tara mai adadi ɗaya ga kowa tana da wani aibi da ya kamata ɗalibai su yi tunani a kansa: tana karya talaka, mai hali kuwa ta zame masa kamar kuɗin shiga. Ƙasar Finlan ta magance wannan tun 1921 da ta ɗaura tara a kan abin da mutum yake samu a rana. A 2002 aka yanka wa wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro 116,000 saboda ya yi gudun 75 da babur a inda iyaka take 50. Irin wannan tsari yana bukatar hukuma ta san abin da kowa yake samu, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, amma ta fuskar adalci ya fi.

Ga matafiyi a Nijeriya, nauyin abin ba a tarar gudun kaɗai yake ba. Gudu ƙofa ce. Da zarar an tsai da mota saboda shi, sai a duba sauran, kuma a jadawalin nan na 2007 rashin ingantaccen lasin tuƙi naira 10,000 ne, lodi fiye da ƙima 10,000, amsa waya ana tuƙi 4,000, rashin ɗaura bel 2,000, tuƙin ganganci kuwa 50,000. Akwai kuma suɗaɗɗiyar taya, da rashin abin kashe gobara, da rashin alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta lalace. Kowane laifi yana da maki da ake rubutawa a kan lasin, in suka taru ana iya dakatar da shi ko a karɓe. Bayan duk wannan ga lokaci: neman banki a garin da ba a sani ba, ranar Juma'a da yamma, wataƙila mota ta kwana a hannun hukuma ana lissafa mata kuɗin ajiya. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma wanda ya fita neman rabin awa ya wayi gari a Kateri ranar Asabar ya ga haihuwar da idonsa.

Maleji

Tun da an ce maleji ne abin dogara, dole a san irin wanda ake da shi. Yawancin motocin da ke hannun ma'aikata na hannu ne, kuma da yawa daga Amurka aka shigo da su, inda ake lissafi da mil. A irin waɗannan, manyan lambobin da ke kewaye da agogon na mil ne, na kilomita ƙanana ne a ciki. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan, saboda haka allura a kan 60 tana nufin kilomita 97, a kan 70 tana nufin 113, a kan 80 kuwa 129. Wanda ya kai allurar irin wannan mota kan 100 yana zaton yana kan iyakar doka, gudun kilomita 161 yake yi. Abin da zai riƙe shi ne 30 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a babban titi.

Taya ma tana da hannu. Maleji juyawar taya yake ƙirgawa, an kuma saita shi bisa girman tayar da kamfani ya sa. In aka canza aka sa wadda ta fi girma, kamar yadda wasu suke yi domin mota ta ɗaga saboda ramuka, kowane juyi zai ci ƙasa fiye da yadda malejin yake zato, sai ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ana iya gwada shi da taswirar wayar hannu mai nuna gudu, fasinja ya riƙe, a kan miƙaƙƙiyar hanya. Motar da malejinta ya mutu kuwa, kuma suna da yawa a tashoshi, direbanta da ka yake tuƙi.

In an tsai da mutum

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. A sa sigina a sauka gefen titi sosai, a kashe mota, a miƙa takardun da aka nema. Gardama a bakin titi ba ta soke takardar laifi, cin mutuncin ma'aikaci kuwa laifi ne dabam mai tarar 10,000 a wannan jadawalin, haka nan yunƙurin ba shi na goro. Tarar hukumar tarayya a banki ake biyanta, cikin asusun gwamnati, a kai shaidar biya a karɓi abin da aka riƙe. Kuɗin da aka miƙa a hannu ba tare da rasit ba, ba tara ba ce. Wanda ya ga an zalunce shi yana da ikon ya ƙi amsa laifin a kai shi gaban kotu, har da kotun tafi-da-gidanka da akan kafa a bakin hanya, gama sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Ma'aikacin gwamnati musamman ya guji fito da katin ofishinsa yana tambaya ko an san ko shi wane ne.

Direban haya da tsoron dare

Ba adalci ba ne a yi maganar gudu kamar dukansa son zuciya ne. Direban haya yana da kuɗin da zai kai wa mai mota kowace rana, ga na tasha, ga na mai, ribarsa tana cikin sawu na biyu. Tun 1 ga Fabrairu 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, wadda take rage wa inji mai in an kai iyakar da aka saita. Na'urar tana aiki, amma ba ta rage wa direba kuɗin da ake binsa ba, shi ya sa ake samun masu cire ta. Fasinjoji ma ba su kuɓuta daga laifi ba. Direban da ya tsaya kan 90 yakan sha gori daga bayan mota, a tambaye shi ko amarya ya ɗauko. Ɗalibin da ya san lissafin mita 28 a daƙiƙa yana da abin da zai ce a irin wannan wuri, kuma in mutum ɗaya ya yi magana yawanci akan sami na biyu.

Akwai kuma tsoro. A shekarun da garkuwa da mutane ta yi tsanani a hanyar Abuja zuwa Kaduna da wasu hanyoyin Arewa maso Yamma, mutane da yawa sun yi gudu ne domin kada duhu ya same su a daji. Wannan dalili ne na gaskiya, ba a raina shi. Sai dai lissafin da aka yi a baya ya shafe shi: abin da gudu zai iya ba mutum a wannan tafiya bai wuce rabin awa ba, wanda kuwa ya makara da awa biyu, rabin awa ba za ta fisshe shi ba. Ga shi kuma gudun ya faɗo daidai lokacin da gajiyar aikin mako ta taru, rana tana faɗuwa, shanu suna komawa gida. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a gudun 100 tafiyar mita 83 ce ido a rufe. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, shi da tuƙi ne sana'arsa.

Fataken da suka bi waɗannan hanyoyi da jakuna sun san sammako, suna kuma yanke zangonsu tun kafin su ɗaura kaya. Hanyar lissafin ba ta canza ba. A ɗauki nisan tafiya a raba shi da 70, ba da 100 ba, domin 70 ya fi kusa da matsakaicin abin da mota take yi in aka haɗa da garuruwa da shingaye. A ƙara rabin awa na salla da abinci da miƙe ƙafa. Sa'an nan a ƙirga baya daga lokacin da ake son isa. Kilomita 375 a wannan lissafi awa biyar ne da minti 20 da 'yan kai, da hutu ya kusa awa shida, ban da fita daga cikin Abuja zuwa Zuba. Mai son magariba ta same shi a Kano sai ya bar Zuba wajen sha biyun rana. Wanda aikin ofis ko sallar Juma'a ta riƙe shi har ƙarfe uku, lissafin ya riga ya gaya masa cewa tafiyarsa ta asubahin Asabar ce, ko kuma ya yada zango a Kaduna.